Maganin da Ake Sha Ana Lafiya Lau

Lalle ne sana'ata, kuma ba yabon kai ba, a wancan lokacin babu wadda ta kama ƙafata a unguwarmu ta cikin garin Daura. Wajen wata 'yar Barno na koya, matar wani ma'aikaci da aka kawo garinmu aiki, kafin a sake yi musu canji su tafi. Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kiɗe-kiɗen biki suka ja baya, aka koma walima, sai mata suka tattara ƙarfinsu kaf suka zuba a kwalliya. Amaryar da a da ake nannaɗe mata ƙafa da tsumma a ce an yi ƙunshi, yanzu zanen fulawa take so tun daga ɗan yatsa har gwiwar hannu. Kasuwata ta buɗe. Daga Dutsi ake aikowa, daga Mashi ake aikowa, har daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba.

Sai dai mai lalle da alkawari take cin abinci. Ranar ƙunshin amarya ɗaya ce tak, ba a matsar da ita don wani, kuma ni ina da wasu kwana uku a kowane wata da ba nawa ba ne.

Tun ina 'yar shekara sha huɗu, duk ranar da al'adata ta zo, marata takan riƙe kamar ana murɗa wanki. Ciwon ya zagaya ƙugu, ya sauka cinya, in yi ta amai har sai ruwa mai ɗaci ya fito. Gado ma ba ya yi mini, sai ƙasa, in manna cikina da sanyin siminti. Innata ta yi abin da ta sani: jar kanwa a ruwan ɗumi, citta da kanumfari, kwalbar ruwan zafi a naɗe cikin zane. Ni ce 'yar fari, saboda haka ko sunana ba ta kira, balle ta zauna tana yi mini sannu a gaban mutane. Takan ajiye kofin a gefena ta ce, "Ke, tashi ki sha. Kowace mace da haka ta girma." In na yi nishi da ƙarfi ta ce in rage murya, akwai maza a zaure.

Aka ce in na yi aure zai daina. Na yi aure, bai san an yi ba. Aka ce to sai na haihu, haihuwar kuma shekara huɗu shiru. Mai kemis ɗin bayan gidanmu ya ce ciwon sanyi ne, ya ɗora ni a kan kafso iri-iri har bakina ya daina jin ɗanɗanon miya. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, aka yi mini ruƙiyya, ba abin da ya yi magana a bakina sai ni da kaina, ina cewa a bar ni in kwanta.

Ranar da abin ya fasu, wata amarya ce a Mashi. Wata biyu kafin bikin na ba su alkawari. Da safiyar ranar ƙunshin goggon amaryar ta zo da kanta a motar da suka ɗauko shata, ta same ni a ƙasa, kwaɓin lallen da na yi tun jiya yana gefe a rufe. Kunya ba ta bar ni na faɗi gaskiya ba, na ce zazzaɓi ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara mayafinta.

"Zazzaɓin nan naki ya san ranar bikin mutane," in ji ta. "An gaya mana haka kika yi wa na Dutsi, muka ƙi ji. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta fita. Har yau in na tuna zuciyata takan yi zafi, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matar ba ƙarya ta yi ba. Daga nan magana ta zaga gari: hannunta zuma, amma ba ta da tabbas. Aiki ya ɗauke ɗif. Watan Sha'aban, watan da kowa ke gaggawar aurar da 'yarsa kafin azumi, na ƙare shi ina yi wa 'yan matan gidanmu zane a tafin hannu don kada hannuna ya mutu. Wata da na koya wa riƙon ledar zana lalle da hannuna ita ake ɗauka a mota ana wucewa da ita ta ƙofar gidana.

Maigidana dillalin tumaki ne, ranar kasuwa ba a ganinsa sai la'asar. Ba mai yawan magana ba ne, amma ya gaji da ganina ina kuka a kan turmi. Wata safiya ya ce in shirya, muka hau motar Kano, muka nufi wani babban asibiti da abokin cinikinsa ya kwatanta masa.

Allah ya taimake ni likitar mace ce, Bahaushiya, mai ɗan tabarau a kan hanci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, na zazzage mata komai, har abin da ban taɓa gaya wa Innata ba, irin zafin da nake ji in na shiga bayi a kwanakin. Ta tura ni hoton ciki. Da na dawo da takardar ta daɗe tana dubawa, sannan ta rubuta wata kalmar Turanci mai tsawo kamar layin mai, ta karanta mini: endometiriyosis. Ta ce alamuna da ɗan ƙullutun da hoton ya nuna a jikin ƙwan haihuwata duk can suka dosa, ko da yake cikakken tabbaci sai an leƙa cikin da na'ura.

Na ce ta yi mini da Hausa.

Ta ce akwai wata shimfiɗa a cikin mahaifa da ke kauri duk wata, in ba a samu ciki ba ta zube, ita ce al'ada. To a jikin wasu mata, nama irin wannan shimfiɗar yakan tsiro a wajen mahaifa, a jikin ƙwai, a bayan mahaifar, wani lokaci har kusa da hanji. In wata ya yi shi ma sai ya motsa ya yi jini, alhali ba shi da ƙofar fita. Jiki kuma in ya ga abu inda bai kamata ba sai ya tashi faɗa da shi, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, kamar yadda maruru ke yi kafin ya nuna. Wannan kumburin na ciki, in ji ta, shi ne babban abin da ke kayar da ni, kuma in ya yi ta maimaituwa yakan bar tabo har kayan ciki su manne da juna.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Shekara goma sha wani abu ana ce mini raguwa, ashe abin har suna gare shi. Daɗi na ji, wallahi, daɗi irin na wanda aka wanke daga zargin sata.

Sai ta zo kan magani. Ta ce wanda aka fi bayarwa, kuma ya fi yi wa mata da yawa aiki, shi ne mai taɓa sinadaran da ke juya al'ada, ƙwaya ko allura, ya kwantar da ita ko ya ɗauke ta gaba ɗaya. Amma muddin ina kansa ba zan ɗauki ciki ba. Na ce a'a tun ba ta rufe baki ba. Shekara huɗu ina jiran abu, ba zan sa hannuna in kulle ƙofar ba. Ba ta yi mini musu ba. Ta ce to akwai wata hanyar da ba ta taɓa al'ada, kumburin kawai take bi. Ta ce masu bincike suna nan suna neman sababbin magunguna irin wannan, waɗanda za su kashe kumburin daga tushe ba tare da sun hana mace haihuwa ba, amma har yanzu ba su zo hannun likitoci ba, kuma ba za ta yi mini alkawarin ranar zuwansu ba. Abin da ke hannu shi za ta ba ni. Ta rubuta, ta miƙo.

Na duba takardar, raina ya ɓaci. Ƙwayar nan ce da ake ba tsofaffi masu ciwon gwiwa, wadda mai kemis ɗinmu ke yanko wa kowa da almakashi.

"Likita," na ce, "tun daga Daura muka taso da sassafe. Wannan ai na sha ta ta fi cikin kwando. Ba ta yi mini komai."

"Yaushe kike shan ta, Malama?"

"In abin ya fi ƙarfina."

"Wato sai kin kai ƙasa."

"To da fa? Haka kawai zan sha magani?"

"Da abinci a cikinki?"

Na yi dariyar takaici. Wa ke iya cin abinci a wannan hali? Rabin lokaci ma ƙwayar tare da aman take dawowa.

Ta cire tabaran ta ajiye. Ta ce ai ihu bayan hari nake yi duk shekarun nan. Ƙwayar ba ta kwashe abin da jiki ya riga ya zuba a wurin, hana shi zubawa take yi. Ta tambaye ni ko gidanmu na ƙasa ne. Na ce na Innata dai soro ne. Ta ce to yaushe ake yi masa yaɓe, kafin ruwan fari ko ana tsakiyar sheƙa shi? Ta ce in fara sha kwana ɗaya ko biyu kafin al'adar ta zo, bayan na ci abinci na ƙoshi, in ci gaba a kan lokacin da ta rubuta har kwanakin wuyar su wuce, sannan in ajiye. Kada in ƙara a kan abin da ta rubuta, in na ji cikina yana ƙuna in daina in dawo, in kuma ina zaton na samu ciki kada in taɓa ta. Matsalar dai, in ji ta, mata da yawa ba su san ranar da za ta zo musu ba.

Nan fa aka zo gidana. A shekarun nan makarantun Islamiyya na matan aure sun cika gari, ni ma ina zuwa ta unguwarmu da hantsi. Malamarmu ba ta wasa da babin haila. Ta ce macen da ba ta san kwanakinta ba za ta bar sallar da ke kanta, ko ta yi wadda ba a karɓa, saboda haka ta sa kowaccenmu ta riƙa rubuta ranar zuwa da ranar tsarki a bayan littafinta. Ni kuwa littafin yana cikin jakata, don a nan nake ajiye katin asibiti. Na buɗe mata shafin baya, kusan shekara biyu a jere, da lissafin watan Musulunci. Ta bi da ɗan yatsa tana ƙirgawa, ta ɗago ta dube ni da kyau. Ta ce tawa ba ta saɓa wa kwana ashirin da takwas ko da tara, kuma da duk masu zuwa wurinta haka suke, da aikinta ya yi sauƙi. Na fito daga ɗakin nan ina jin kaina kamar wadda ta yi sauka.

Da faɗa da aikatawa kuwa akwai rata. Watan farko ranar fara sha ta zo, na lissafa daidai, na ci tuwona, na ɓallo ƙwayar na riƙe a hannu. Lafiyata lau. Ko ciwon kai babu. Innata ta shigo kawo mini daddawa ta gan ni da kofin ruwa.

"Me ke damun ki?"

"Ba komai, Inna. Cewa aka yi in sha tun bai zo ba."

"Tun bai zo ba? Ke kika san zai zo? Allah ya ba ki lafiya yau, ki ce ba ki yarda ba, sai kin aika wa ciwo goron gayyata? Mu dai da muka taso, sai cuta ta sallama ake nema mata magani."

Ba don ta fi ni baki ba ne na ajiye ƙwayar. Abin da ta faɗa yana cikin raina tun kafin ta shigo. Mu mutane ne da ke cewa rigakafi ya fi magani, amma a bakinmu kawai, ko in an zo yi wa yara allura. Babba mai lafiya ya haɗiyi ƙwaya, gani muke kamar ya yi wa Allah shisshigi, ko ya yi wa kansa mugun fata. Ga kuma ɗaya guntun girman kan da aka raine mu da shi, cewa mace ta gari sai ta daure iyakar dauriya kafin ta nemi sauƙi. Na mayar da ƙwayar cikin kwalinta. Kwana biyu bayan nan ina kan siminti.

Da na farfaɗo maigidana ya tambaye ni ko maganin Kano bai yi ba. Na gaya masa gaskiya. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kamar in jefe shi da murfin kwano.

"Haba uwargida," in ji shi. "Ni da nake ɗura wa tumakina maganin tsutsa tun damina ba ta sauka ba, suna tsalle lafiyarsu lau? Wa ya taɓa cewa na kira musu cuta? In na jira sai tunkiya ta kwanta, ai sai dai wuƙa. Ke yanzu tunkiya ta fi ki gata ke nan?"

Na ce masa ya yi da wata, ni ba tunkiyarsa ba ce. Amma maganar ta zauna. Na kai ta wajen malamarmu bayan an tashi, a kunyace, ta ce neman magani ba ya karya tawakkali, tun da abin nan ya saba zuwa kamar yadda damina ta saba.

Wata na biyu na sha. Na ci ɗumame har na ji ya tsaya mini a wuya, na yi bisimilla na haɗiye, ina jin kaina kamar mai laifi. Da al'adar ta zo na shimfiɗa tabarma na zauna ina jiran a murɗe ni. Ciwon ya zo, ba zan yi ƙarya ba, amma a bakin ƙofa ya tsaya. Mara ta yi nauyi, ƙugu ya riƙe, shi ke nan. Ban yi amai ba. Da azahar na ga zaman ya ishe ni, na tashi na daka yaji. Wata na uku har wanki na yi a rana ta biyu, ina yi ina dariya ni kaɗai kamar sabuwar kamu. Innata ta zo ta same ni ina shanya, ta san kwanakin sarai, ta tsaya ta dube ni. 'Yar fari ba a yi mata barka a fili. Sai dai daga watan nan, duk ranar da lissafina ya kusa, sai in ga an aiko mini da kwanon fura mai kauri daga gidanta tun da safe.

Saura sunana da ya ɓaci. Shi ba ƙwayar da ke gyara shi, kuma ya fi jiki wuyar warkewa. Na yi wata da watanni ba wanda ya tako. Sai da Sha'aban ya sake zagayowa, masu lalle duk aka kama su, sannan wata dattijuwa daga Dutsi ta zo, kakar wata amarya, ta ce ba ta samu kowa ba shi ya sa. Haka ta faɗa, ba ta ko sakaya ba. Ta faɗi ranar, na lissafa a zuci. Ranar farkon al'adata ce cif, wadda ta fi kowace muni.

"An ce kina da saɓa alkawari," in ji ta. "Jikata marainiya ce, ni na riƙe ta. In ba za ki zo ba, ki gaya mini yanzu, in naɗa mata na gargajiya da hannuna."

Na ce, "Iya, zan zo, in Allah ya yarda."

Kwana biyu kafin ranar na fara shan ƙwayata a kan lokaci, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Ranar da safe abin ya zo kamar yadda na lissafa. Na ci abinci, na ɗauki jakata, maigidana ya raka ni tasha na shiga motar Dutsi. Kowane rami motar ta faɗa sai na ji shi a marata, ina ta addu'a a zuci, Allah kada ka kunyata ni a gidan mutane.

Hantsi bai gama ɗagawa ba na zauna a kan 'yar kujera a ɗakin kakar, amarya ta miƙo ƙafa. Aikin lalle a duƙe ake yin sa, kuma hannu ba ya son rawa ko kaɗan, layi ɗaya ya karkace an ɓata ƙafa guda. Na fara daga diddige. Ciwon yana nan a ƙasa yana gurnani, ni kuma ina ce masa yau dai sai ka jira. Na gama ƙafafu, na koma hannuwa, na zuba mata wani zanen reshe da ban taɓa yi wa kowa ba, na hau da shi har gwiwar hannu. Da lokacin ƙwaya ya yi na nemi a ba ni abinci ba tare da wata kunya ba, aka kawo shinkafa da wake, na ci na sha maganina a gaban kowa. Sannan ƙawaye suka yi layi. Bakwai na yi wa, har da wata mai ƙyalƙyala da ba ta iya zama wuri ɗaya, na daka mata tsawa ta nutsu. Ana kiran la'asar na ajiye leda, yatsuna sun ƙage, bayana kamar ba nawa ba.

Da aka wanke wa amarya, zanen ya fito baƙi siɗik a kan jan lallen, ɗakin ya ɗauki guɗa. Yarinyar ta riƙa juya hannuwanta tana kallo, kakar kuma ta kama hannuna ta riƙe, ta yi ta sa mini albarka. Na fita bayan ɗaki kamar zan wanke hannu, na tsuguna na yi kukana mai isata. Na farin ciki ne, kuma ban taɓa yin mai daɗinsa ba.

Ciwon bai rabu da ni ba, kada wani ya ɗauka warkewa na yi. Akwai watannin da yakan fi ƙarfin ƙwayar, kuma daga baya sai da aka yi mini aiki aka cire ƙullutun. Na san kuma matan da wannan hanyar ba ta ishe su ba sam. Amma ni a ranar nan na karɓo abin da ya ƙwace mini.

Ina haɗa kayana wata mata ta tsayar da ni a tsakar gida, ta ce 'yarta za a ɗaura wa aure bayan ƙaramar salla, amma ba su tsayar da ranar ƙunshi ba tukuna, sai sun ji wacce ce za ta yi mini daidai, don sun ji an ce ina da ranakun da ba na fita.

Na rataya jakata na ce mata, "Hajiya, ku sa ranar da ta yi muku. Ko wacce ce, zan zo."